Mutanen Bolanda a Falon Hajja Dumbulwa

Ranar Talata Hajja Dumbulwa ta yanke hukunci cewa bidiyon nan zai bar mata gida. Ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda, sai ta ji kiɗan Indiya yana tashi daga falo, ga matan gida da na maƙwabta sun yi tsit kamar masu sauraron wa'azi. Idanunta sun daɗe da yin rauni, haske da inuwa kawai take rarrabewa, amma kunnenta ko allura ce ta faɗi sai ya ji. Ta tambaya me ake yi a cikin akwatin. Maƙwabciyarsu Ƙaltume, wadda bakinta ke riga tunaninta fita, ta ce ai wata ce ke rawa a cikin ruwan sama, rigarta duk ta jiƙe. Hajja ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce gidan nan marigayi mijinta ya gina shi a unguwar Ƙurban ta Madina, inda ake jin kiran sallar Masallacin Ƙuba, ba kuwa za a mai da shi dandali tana raye ba. Ranar Asabar a ɗauki akwatin a kai shi kasuwar Sultana a sayar.

Jikanta Awwalu ne ya sayo bidiyon. Direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Madina da tashar jiragen ruwa ta Yanbu. Da ya dawo ya ji labari sai ya durƙusa gaban kakarsa yana lallashi, yana kiranta amaryarsa kamar yadda suka saba wasa. Ya ce ba duk kaset ne na rawa ba, akwai na tarihi, akwai na darasi, ta ba shi zuwa Alhamis ya kawo mata wanda ita da kanta za ta zauna ta ji. Hajja ta ce ta yarda, zama ɗaya. In ta ji abin da bai gamshe ta ba, ko sunan akwatin kada a sake ambata mata.

Duk gidan ba wanda maganar ta tsaya wa a wuya kamar Innayatu, ƙanwar Awwalu, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Tun tana ƙaramar makaranta aka cire ta don jinyar mahaifiyarsu, bayan rasuwar kuma ba ta koma ba. Yarinya ce mai kunya har abin ya yi yawa. In baƙi suka yi sallama sai ta shige kicin, in aka tambaye ta abu sai ta amsa wa yatsun ƙafarta. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa. Amma tun da bidiyo ya shigo gidan take da wurin zama a bayan ƙofar falo, daga nan ta ga teku, ta ga dusar ƙanƙara, ta ga jirgin ƙasa yana ratsa dutse. In an watse sai ta tafi wanke-wanke tana maimaita wa kanta labarin tun daga farko, tana gyara inda take ganin masu fim sun yi kuskure. In aka fitar da akwatin, ita da tukwane ne kawai za su rage.

Alhamis da rana Awwalu ya shigo da kaset a naɗe cikin jarida, yana murmushi kamar wanda ya ci gasa. Ya ce wani makanikin injin jirgi ne ya ara masa, mutumin ƙasar Polan, wadda a nan ake kira Bolanda. Tare suke cin wake da gurasa a bakin tasha, suna hira da guntun Larabci da hannu. Mutumin ya ce labarin garinsu ne a zamanin babban yaƙin duniya, lokacin da samari da 'yan mata suka tashi za su kori sojan Jamus, har mahaifiyarsa tana cikinsu. Awwalu ya ce abu biyu ya tambaye shi, ko akwai 'yan rawa, ko akwai matan da ba su rufe jiki ba, mutumin ya ce babu. Bai tambaye shi yadda labarin ya ƙare ba, don a saninsa fim ba ya ƙarewa sai jarumi ya yi nasara. Ya haɗa wayoyi, ya danna, ya fita ya ba mata wuri, don Ƙaltume da wasu maƙwabta sun riga sun cika falon tun bayan abincin rana.

Aka zaunar da Hajja a kan katifa a tsakiya, aka sa mata matashi a baya. Sabuwa matar Awwalu ta zauna kusa da ita, don ita ce mai bayanin fim a gidan, in na Indiya ne takan karanta rubutun Larabcin da ke ƙasa ta faɗa wa waɗanda ba su iya ba. Hoto ya fito baƙi da fari. Ga gari, ga gidaje ba rufi, ga hayaƙi. Mutane suka fara magana da wani yare mai yawan shuu da cii, rubutu kuwa ko ɗigo babu a ƙasa. Sabuwa ta yi ta jira, ta gyara zama, ta ce wallahi ya Hajja ma adri, waɗannan kalam kawai suke yi, yani suna cikin mushkila.

Hajja ta ce, "Ni na ce a faɗa mini da Hausa, ba kwaɗon yare na ce a dama mini ba. Ina ƙawata?"

Ƙawarta ita ce Innayatu. A ɗakin tsohuwar ta girma, a bakinta ta sha Hausa irin ta mutanen da, wadda sauran yaran gidan suke ji amma su amsa da Larabci. Duk idanun falon suka juya bayan ƙofa. Innayatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta taso tana tuntuɓe da ƙafafun mutane, ta zauna, Hajja ta lalubo wuyan hannunta ta riƙe. Innayatu ta ce ita ma ba ta jin yaren. Hajja ta ce ai ba yare ta tambaye ta ba, ido ta ce ta ara mata.

Da farko muryar ko Sabuwa da ke gefe ba ta ji sosai. Ta ce ga wasu samari a ɓoye bayan bango, kowanne ya ɗaura ƙyalle a damtse. Bindigarsu ba ta kai yawansu ba, ɗaya yana riƙe da ita sauran suna kallonta. Hajja ta tambayi wane ne babba a cikinsu. Innayatu ta duba, ta ce akwai wani dogo mai tabo a kumatu, in ya yi magana kowa sai ya yi shiru. Hajja ta tambayi sunansa. Sunayen da ake kira a fim ɗin ba mai iya maimaita su, sai Innayatu ta ji bakinta ya ce Maigandi. Falon ya fashe da dariya, ita kuwa sai ta ci gaba da raɗa musu suna. Siririn nan mai yawan wasa ta sa masa Rabo. Yarinyar da ke gudu tsakanin gidaje da saƙo a cikin takalmi ta sa mata Kaltuma. Nan take Ƙaltume ta dafe ƙirji ta ce takwararta ce, kowa ya shaida, duk abin da ya same ta ita ya sama.

Daga nan labari ya kama hanya. Innayatu ta gano cewa in ta dubi gira da kafaɗa da yadda mutum ke riƙe kofi, za ta san abin da yake faɗa. Ta ce Maigandi yana gaya musu su yi haƙuri, taimako yana zuwa daga hayin kogi. Ta ce Rabo ya ce shi yunwa ce za ta kashe shi kafin Jamus su samu dama. Tankar yaƙi ta shigo layin tana murƙushe duwatsu, ƙarar ta cika falon har kofunan shayi suna rawa a faranti. Innayatu ba ta san lokacin da ta tashi a kan gwiwoyinta ba. Tana faɗa tana nunawa da hannun da ba a riƙe ba, ga Kaltuma ta rarrafa ta bayan wata motar da ta ƙone, ga kwalbar fetur a hannunta, ga Rabo yana ƙyasta ashana ta ƙi kamawa, ya sake ta ƙi, tankar kuwa tana juyo da bakinta. Wata maƙwabciya ta cusa mayafi a baki. Ashana ta kama, kwalba ta tashi, wuta ta lashe tankar. Matan suka yi ta tafi, Ƙaltume ta rangaɗa guɗa tana cewa jinin gidansu ne. Hajja ta matse hannun jikarta, ta matso gaba har matashin ya faɗi.

Samarin suka ƙwace wani gidan burodi, suka shiga suna rungumar juna. Can sai Rabo ya tsinci wani abin kiɗa mai kama da zugazugin maƙera, ya fara ja yana matsawa. Kiɗa ya tashi. Falon ya yi tsit, Sabuwa ta runtse ido, don kowa ya tuna sharaɗin Hajja.

Hajja ta ce, "Wannan fa?"

Innayatu ta ce Rabo ne yake kiɗa, Kaltuma da wani yaro suna juyawa a tsakar ɗakin, da takalman sojansu, da rigunan sanyi har wuya. Hajja ta tambaya ko sun sami burodin. Innayatu ta ce babu, tanderun ya huce, buhunan duk wayam.

"To bar su," in ji Hajja. "Ci gaba."

Ba su daɗe suna juyin ba bam ya faɗo, kiɗan ya yanke. Daga nan al'amari ya juya musu baya. Jiragen sama suka yi ta zuba wuta, layi bayan layi yana faɗawa hannun Jamus. Maigandi ya tara waɗanda suka rage suka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, suna fasa bango daga wannan gida zuwa wancan don su kai bakin kogi ba tare da sun hau titi ba. Allon ya yi duhu, sai numfashi da ƙarar guduma da ɗigar ruwa. Yanzu Innayatu da Hajja kusan daidai suke, duk da kunne suke kallo. Innayatu ta rage murya, matan suka matso. Ta ce suna ɗauke da wani mai rauni a kan ƙyauren ƙofa, ramin da suka fasa kuwa ya yi masa kaɗan. Ta ce a saman kansu takun sojan Jamus ne, in wani ya yi tari sun mutu. Ƙaltume da tari ya taso mata sai ta danne shi har hawaye suka fito.

Ana cikin haka aka kira la'asar daga Ƙuba. Sabuwa ta miƙa hannu za ta tsayar da kaset, Hajja ta buga sanda a ƙasa ta ce kada ta kuskura. Sabuwa ta fara bayani cewa ai ba da gaske suke ciki ba, in an dawo za a same su inda aka bar su. Hajja ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce, amma ba a tashi a bar baƙo a rami, a bari su fito su sha iska tukuna, lokacin salla bai ƙure ba. Haka aka zauna da butoci a hannu har Maigandi ya ture wani murfin ƙarfe, haske ya zubo, suka fito ɗaya bayan ɗaya a cikin wani rusasshen gini, ga kogi shimfiɗe a gabansu. Sannan Hajja ta ce a tsayar.

Bayan salla aka zuba shayi, falon ya kaure da gardama. Wata ta tambaya ko ya halatta a yi wa Nasara addu'a, don ita dai ta yi a sujadarta ta ƙarshe kafin ta tuna. Hajja ta ce wanda ke cikin rami ba a tambayarsa addininsa sai ya fito. Ƙaltume ta yi alwashin in takwararta ta haye kogin nan za ta dafa shinkafa da kaza ta kai ƙofar Harami sadaka. Sai Hajja, wadda ba ta cika ba da labarin tafiyarta ba, ta ce ita ta san zaman bakin ruwa. Tana yarinya suka taso daga ƙasar Haɗeja a ƙasa, suna noma a hanya suna gaba, har suka kai Sawakin, a bakin teku a ƙasar Sudan. A nan suka zauna suna jiran jirgin da zai haye da su Jidda. Kullum sai a ce gobe. Ta ce akwai waɗanda suka zo tare, da goben ta zo ba su nan. Ta kurɓi shayinta ta ce a kira mata ƙawarta a ci gaba.

Ƙawar tana kicin, Sabuwa ta ja ta can. Ta ce ta leƙa tagar kaset ɗin, zaren da ya rage bai fi kaurin ɗan yatsa ba, ba yadda za a yi a ceci mutanen nan a cikin wannan ɗan abin. Ta ce tsohuwar nan ta sa su a ranta, in aka kashe mata su za ta ce akwatin baƙin ciki aka kawo mata gida, Asabar kuwa sai Sultana.

"Ba gani take yi ba," in ji Sabuwa. "In abin ya ɓaci ki ce sun haye, halas, shi ke nan. Mu duk za mu yi shiru. Ke kika fi kowa son abin nan, kada ki ɗauka ban sani ba."

Innayatu ta koma ta zauna. Hajja ta sake kama wuyan hannunta. Aka danna.

Maigandi ya hau kan bango yana kaɗa farin ƙyalle. A hayin kogi ga sojoji da motoci da manyan bindigogi, waɗanda ake ta jira tun farkon labari. Matan suka fara murna. Innayatu ta ce wani hafsa a can ya ɗaga madubin hangen nesa ya dube su, ya sauke, ya kunna taba. Ta ce Maigandi yana ta kaɗawa har hannunsa ya gaji ya sauya ɗayan. A bayansu harbi yana matsowa. Ya raba harsasan da suka rage, ba su kai kowa ba. Rabo ya faɗi wani abu, duka suka yi dariya, Innayatu ta ce cewa ya yi in sun haye shi za a fara ba burodi. Bai rufe baki ba ya zame jikin bango ya zauna, bai sake tashi ba. Ta faɗi wannan ma, don faɗuwar tasa kowa ya ji ta.

Sai Kaltuma ta tuɓe takalmanta ta faɗa kogin, za ta je ta kira sojojin hayin da bakinta. Ƙaltume ta tashi tsaye. Innayatu ma ta tashi, Hajja tana riƙe da ita, tana faɗin kowane jan hannu, ta wuce ginshiƙin karyayyar gada, ta nitse, ta ɓullo, ta kai tsakiya, ruwa yana tartsatsi a gefenta inda harsashi ke sauka. Ta sake nitsewa. Hoton ya tsaya a kan ruwan, yana ta gudu abinsa. Ba kiɗa, ba magana, sai ƙarar kogi.

Hajja ta ce, "Ƙawa, ina jin ruwa. Kwale-kwale ne ya taso daga hayi?"

Sabuwa tana gyaɗa kai da ƙarfi. Ƙaltume da hawaye a fuska ita ma tana yi mata alama da hannu ta ce e. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai tona. Innayatu ta dubi akwatin, ta dubi yatsun da ke riƙe da ita. Tun da aka fara tsohuwar nan ba ta ga komai ba sai abin da ta ba ta, ta kuma karɓa duka ba ta yi musu ba.

"Babu kwale-kwale, Hajja," in ji ta. "Ba wanda ya taso. Kaltuma ba ta fito ba."

Ta ci gaba har ƙarshe. Ta faɗi yadda Maigandi ya ninke farin ƙyallen ya rufe wa Rabo fuska da shi, da yadda aka fito da waɗanda suka rage a jere, hannuwa a ka, suna ratsa garin da ba sauran gida tsaye, mata tsofaffi suna tsaye bakin hanya suna duban fuskokinsu ɗaya ɗaya. Allon ya koma yayyafin fari da baƙi. Ba wanda ya tashi ya kashe.

Hajja ta yi salati a hankali, sannan ta ce a kira mata Awwalu. Matan suka ja mayafai. Ya shigo da fara'arsa, da ya ga idanun mutane sai fara'ar ta gudu. Hajja ta ce masa shi wane irin mutum ne da zai ɗauko labarin mutuwa ya shigo da shi gida ba ko gargaɗi, kamar wanda ya sayo kankana. Ya fara rantsuwa bai sani ba. Ta katse shi ta tambaya ko uwar abokin nasa ta fita. Ya ce ta fita, tana nan da ranta a ƙasarsu, ya taɓa ganin hotonta. Hajja ta ce to alhamdu lillahi, a cika kwali da dabinon Madina mai kyau ya kai masa, ya ce wata tsohuwa tana yi masa gaisuwar mutanensu, ya aika wa uwar da rabi. Ta juya wajen da take jin shessheƙar Ƙaltume ta ce shinkafar nan da kaza a dafa ta duk da haka.

Awwalu ya tsaya yana murza hula, ya kasa tambayar abin da ke ransa. Sabuwa ta sunkuyar da kai. Innayatu ce ta yi magana, a gaban kowa, da muryar da ta dushe.

"Hajja, akwatin fa?"

"Ya zauna," in ji Hajja. "Amma ba mai kunna shi sai ina nan, ke kuma kina gefena. Na Indiyan ma a kawo, in ji da kunnena, wanda ya yi rashin kunya in kore shi shi kaɗai."

Ta miƙa hannu aka ba ta sandarta. Har ta kai ƙofa ta tsaya ta ce kada Awwalu ya mayar da kaset ɗin tukuna. Ranar Asabar za ta aika a kira mata tsofaffin unguwa, waɗanda suka zo ƙasar nan da ƙafa irinta, su ma su ji. Ta ce a share babban falo, don za su yi yawa.

Innayatu ta tuna su wane ne tsofaffin nan, masu gyara wa mutum magana tun bai rufe baki ba. Ta tattara kofunan shayi ta nufi kicin. Kafin ta buɗe famfo ta riga ta fara neman sunan da za ta sa wa mai raunin nan na kan ƙyaure, don ɗazu a cikin sauri ta bar shi ba suna.